Alkyabba Ɗaya, Suna Uku: Ƙasaita da Fankama a Bakin Hausawan Makka

Watannin baya aka yi bikin 'yar wani maƙwabcinmu a nan Makka. An kama istiraha a bayan gari, irin gidajen nan da ake haya na dare ɗaya, maza gefe mata gefe. Ana cikin gaishe-gaishe bayan sallar isha'i sai ga baffan amarya ya shigo. Babbar riga ce ta shadda a jikinsa, ta sha aiki tun daga wuya har ciki, a kanta ya yafa bishti baƙi mai bakin zare ruwan zinariya, wato alkyabbar mutanen ƙasar nan. Yaro na gabansa riƙe da kaskon turaren wuta, wani na biye yana ɗauka da waya. Bai yi sauri ba, kuma bai zauna ba sai da aka tashi wani daga kujerar tsakiya.

Washegari da la'asar na shiga unguwar Shara Mansur gaida kakar amarya ta wajen uwa, tsohuwar da iyayenta suka shigo da ita ƙasar nan ta Sudan tun tana 'yar ƙarama. Na tarar jikanta yana nuna mata bidiyon, tunda mata ba su ga abin da aka yi a ɓangaren maza ba.

"Hajiya, kin ga Baffa? Wallahi kashkha!"

Ta karɓi wayar ta kai ta kusa da ido, ta daɗe tana kallo. "Kai dai maigidana ba ka san komai ba. Wannan ai fankama ce."

Akwai wani dattijo Bazazzagi da ya zo Umara ya sauka a gidan. Shi ma ya leƙa, ya gyara murya. "A'a Hajiya, a yi masa adalci. Waliyyin amarya ne, ranarsa ce. Ƙasaita ce."

Su ukun riga ɗaya suka gani. Abin da ya raba su shi ne mutumin da ke cikinta. Haka kalmomin nan suke a Hausa: kaɗan ne daga cikinsu suke tsayawa ga kayan da aka sa, saura duk hukunci suke yankewa a kan wanda ya sa, kuma tambayar da ke ƙarƙashin hukuncin guda ce, ya isa ko bai isa ba? Shi ya sa "ya isa" yabo ne, "yana nuna isa" kuwa zargi.

Waɗanda ba su ɗauke da hukunci su ne ado da kwalliya da ƙawa. Kowa na ado: namiji, mace, doki, ɗakin amarya. Kwalliya ta fi karkata ga fuska da gyaran ƙarshe, kwalli da lalle da ɗauri, ko da yake ta fita daga gaban madubi ta shiga kasuwa, inda ake tambaya ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ƙawa ta fi zama a kan wuri, a ƙawata masallaci, a ƙawata zaure, abin ya ƙayatar. Idan mai magana na son ya ƙara gishiri, fi'ilin yake canzawa: an ci ado, an sha kwalliya, an caɓa, an cancaɗa, an kure adaka. Kashkhar da yaron ya faɗa, kalmar Larabcin ƙasar nan, a nan gurbinta yake, kusa da abin da samarin Kano ke kira gayu. Bai yanke wa baffansa hukunci ba, kayan kawai ya gani suka yi masa.

Wani tarko ga sabon zuwa: kalmar Larabci ta ado ita ce ziina, da jan wasali. Bahaushe kuwa idan ya ji "zina" hankalinsa wani wuri yake tafiya. Na taɓa ganin wani alhaji ya yi turus a gaban shagon da ke sayar da kayan ƙawata mota don an karanta masa allon shagon. Kalmar ce ta zo a Suratul A'araf, aya ta 31, inda aka ce a riƙi ado a wurin kowane masallaci, kuma ita ce ta zo a Suratul Ƙasas, aya ta 79, inda Ƙaruna ya fito wa mutanensa cikin adonsa. A wuri ɗaya umarni, a ɗayan share fagen halaka, alhali kalmar ba ta canza ba.

Ƙasaita ce ta fi buƙatar a zauna a kanta, don ita aka fi yi wa gurguwar fahimta. Asalinta girma ne da ya kai maƙura, kamar yadda ake cewa ƙasaitaccen biki, ko rikici ya ƙasaita. Amma da aka ce "tafiyar ƙasaita" ko "zaman ƙasaita", fada ake nufi, kuma fada tana da dokokinta. Na farko rashin gaggawa. Sarki ba ya sauri, ba ya waiwaye, ba ya ɗaga murya, amawali ya rufe masa baki. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci a ganina, mai ƙasaita ba ya yi wa kansa komai. Wani ke riƙe masa laima, wani ke yi masa fifita da figini, dogarai ke cewa hattara, maroƙi ke yi masa kirari, idan aka gaishe shi ma wani ke amsawa. Duk girman nan a hannun mutane yake, su ke ɗora masa. Ranar da suka janye hannu, rawani da alkyabba ba za su tsayar da shi ba.

Kayan ma suna da tarihi. Tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowar kakaki da figini da takalmin gashin jimina da dawakin zage ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Shi ne Shehu Magili ya rubuta wa nasihar mulki, kuma a cikinta akwai babi guda a kan kyautata kama: sarki ya yi shiga mai kyau daga abin da ya halatta ga maza, ya sa turare, ya kame kansa a zama da magana, amma kada ya taɓa baitulmali don ado. A wannan nasihar ce kuma malamin ya yi ta maimaita cewa tushen kowace masifa shi ne sarki ya ɓuya daga talakawansa. Wato fitowar sarki cikin shiga aiki ce daga ayyukan mulki. Hawan Sallah da Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, waɗanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a Disambar 2024, a kan wannan suka ginu: sarki ya fito a gan shi, hakimai su kai jahi, talaka ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Dattijon nan na Zariya da wannan idon ya kalli bidiyon. Ya ga tafiya a hankali, ya ga mai turare a gaba, ya ga an tashi an ba da kujera, sai ya ce ƙasaita. Abin da bai tambaya ba shi ne, yaron da ke riƙe da kaskon, don Allah ya ɗauka ko an yi masa alkawarin riyal hamsin?

Kwarjini da haiba ba a sa su a jiki, don haka ba a hayarsu. Kwarjini tamu ce, haiba aro ce daga Larabci, kuma har gobe mutanen nan na amfani da ita. Malami na iya shigowa da jallabiya ta riyal talatin majalisa ta yi tsit. Wani kuwa ya kure adaka a ci gaba da hira a kansa.

Alfarma kuma ta yi doguwar tafiya. Masana harshe na danganta ta da alhurma ta Larabci, abin da ake kiyaye mutuncinsa, ba a keta shi. Da wannan ma'anar ake cewa Mai Alfarma Sarkin Musulmi, a bar wa sauran sarakunan yanka Mai Martaba, gwamna kuma Mai Girma. Da ita ake cewa Masallatai Biyu Masu Alfarma, wata mai alfarma. Daga nan ta gangaro ta zama abin da ake roƙa, "ka yi mini alfarma", wanda a bakin 'yan ƙasar nan ya yi kusa da wasɗa, wato sanayya. Yanzu kuma gidajen rediyo da masu talla sun mayar da ita sunan duk wani abu mai tsada: otal na alfarma, mota ta alfarma, liyafa ta alfarma, har shinkafa. Ni dai wannan na ƙarshen bai kwanta mini ba. Kalmar da ake kiran Ka'aba da ita bai kamata a ce da ita ake tallar kujerun falo ba, amma harshe ba ya neman izinin kowa.

Wanda ya taso da ƙasaitar fadar Kano ko Katsina, idan ya zo ƙasar nan sai ma'auninsa ya rikice. Sarki a nan farar riga yake sawa irin ta direban tasi, bambancin bishtin da ya yafa ne kawai. Babu kakaki, babu algaita. A 1986 Sarki Fahad ya ajiye laƙabin Mai Jalala ya ɗauki Hadimin Masallatai Biyu, mai hidima ke nan. Ranar 23 ga Janairun 2015 da Sarki Abdullah ya rasu, a ranar aka yi masa salla a Riyad aka kai shi maƙabartar Ud, aka binne a kabarin da ba gini ba suna. Tuta ma ba a sassauto ta ba, don tana ɗauke da kalmar shahada. Sannan ga abin da ya fi ɗaure wa Bahaushe kai: sarki da 'ya'yan sarauta su ɗauki takobi su shiga sahu ana kiɗa suna rangaji. Arda ke nan, rawar yaƙi ta mutanen Najdu, wadda ita ma UNESCO ta sa a jerinta a 2015. A gida idan aka ce an ga sarki na taka rawa a fili, magana ce ta zubar da rawani. A nan kuwa ita ce ƙololuwar ƙasaita.

Ba wai ƙasar ba ta san ado ba. Ta ɗauke shi ne daga jikin mutum ta kai wani wuri. Shekaru aru-aru daga Masar ake kawo rigar Ka'aba cikin ayari na musamman da ake kira mahmal, raƙumi ya sha ado, sojoji na rakiya ana busa. A hajjin 1926 mayaƙan Ikhwan na Sarki Abdul'aziz suka ji busar a Mina suka ce bidi'a ce, aka yi arangama har aka rasa rayuka. Shekara ɗaya bayan haka, a 1927, sarkin ya kafa masaƙar rigar a Makka. Yau a unguwar Ummul Jud ake saƙa ta, da ɗaruruwan kilo na siliki, da zaren da aka yi wa ruwan zinariya wajen kilo 120, da na azurfa. Tun 2022 kuma a daren 1 ga Muharram ake sauya ta, ba ranar Arfa ba kamar da. An hana ayarin, an bar rigar. Ban taɓa jin wani Bahaushe ya kira zinariyar da ke jikin Ka'aba almubazzaranci ba, ko da mai tsananin ra'ayi ne, saboda tambayar "ta isa?" ba ta ma taso ba. Dogon benen agogo da ke kallon Harami, mai tsawon mita 601, wanda aka rushe tsohuwar ganuwar Turkawa ta Ajyad a 2002 aka gina a gurbinta, shi ne bakin mutane ya rabu a kansa. Alhazai sabbin zuwa na cewa ƙasaita. Tsofaffin unguwa da suka san wurin kafin nan sukan yi shiru su ja carbi. Mai zaman iƙama irina, wato baƙo mai takardar izinin zama, ma gara ya ja nasa.

Sai kalmomin zargi, kuma a nan Hausa ta yi wadata har ta yi yawa. Alfahari daga Larabci take, fakhar, kuma fuska biyu gare ta. Uba ya ce ɗansa abin alfaharinsa ne, ba laifi. Hausawan Makka da Jidda sun yi alfahari da ganin sunan Hausawi a bayan rigunan 'yan ƙwallon Saudiyya, musamman da Usama Hausawi ya ja ƙungiyar ƙasa zuwa gasar cin kofin duniya ta 2018. Amma a ce wane mai alfahari ne, an soke shi. Taƙama kullum da abin da take jingina a kai, taƙama da kuɗi, da uba, da ilimi, yanzu har da takardar zama ɗan ƙasa. Mai taƙama yana da abin, laifinsa ya jingina da ƙarfi. Tinƙaho ƙanwarta ce mai ɗaga hanci. Gadara ta fi su haɗari don ba ta tsaya ga kallo ba, takan taka mutum saboda ta san akwai wanda zai tsaya mata. Fariya da kuri da cika baki duk a harshe suke, ba sa buƙatar ko hula. Yanga a jiki take, a tafiya da juya ido da yadda ake miƙa hannu, kuma sau da yawa da murmushi ake faɗarta. Amarya ba yanga ai ba ta cika amarya ba.

Burga tana da abin mamaki. Sunan zargi ne, barazana ce ko nuni da ba komai a bayansa. Amma fi'ilin da ya fito daga gare ta yabo ne tsantsa: ya burge ni. In burgar ta kama ka sai ka ce an burge ka, in ka gano ta sai ka ce burga ce.

Fankama, kalmar Hajiya, ita ce mafi zafi a cikinsu, don ba girman kai take zargi ba, rashin ciki take zargi. Ka ji sautinta ma, kamar an buga tulun da ba ruwa. Fankan fayau, in ji masu magana, ga faɗi ba nauyi. Fankam-fankam ba shi ne kilishi ba. Na tambaye ta dalili, don ni ban ga abin da ta gani a bidiyon ba. Ashe ba a bidiyon ta gani ba.

"Ɗan nan, ko cokali bai sa a kayan ɗakin yarinyar nan ba. Uwarta ce ta sayar da awarwaronta. Shi kuma ya zo ana yi masa hayaƙi a gaba."

Dattijon ya yi shiru, can ya ce, "To Hajiya, in haka ne na janye."

Wannan janyewar ta nuna yadda kalmomin ke aiki. Ba a ƙara ko zare ɗaya a rigar ba, labari kawai aka ƙara, sunan ya canza. Ƙasaita tana da haƙƙi a kanta: wanda aka tashi aka ba kujerar tsakiya, shi ake sa ran ya ɗauki nauyin tsakiya. Shi ya sa ma Bahaushe ya tattara wannan hali duka ya kira shi ƙarya. Ƙaryar arziki, 'yan ƙarya, rayuwar ƙarya. Mutum bai buɗe baki ba, amma rigarsa ta faɗi abin da ba haka ba.

Akwai wurin da ma'aunin gida da na nan suka saɓa, kuma yana haddasa ƙananan maganganu a bukukuwanmu. Mu mun taso da cewa zanen aro ba ya rufe katara. A nan kuwa hayar bishti ba abin kunya ba ne ko kaɗan. Na kirki, ɗinkin hannu irin na Ahsa, yana kai dubban riyal, kuma mutum bai fi ya sa shi sau biyu ko uku a rayuwarsa ba, don haka shaguna ke ba da haya, ango da ubansa su karɓa su mayar washegari. Wa zai yafa, wannan ne ke da ƙa'ida: ango, uban ango, uban amarya, limami a kan mumbari, babban jami'i a wurin taro. Samarinmu haifaffun nan ba sa tambayar na wane ne, matsayin mai shi suke dubawa. Iyayensu kuwa sai sun ji ko saye ya yi. Ni a wannan ina bayan samarin. Bin bashi don a sayi abin da za a sa dare ɗaya, don kawai kada a ce aro ne, shi ya fi kama da ƙaryar da ake gudu.

Kece raini fa? Ita ba yabo ba ce zalla, ba kuma zargi ba. Tana faɗin dalilin adon ne: akwai wanda ya taɓa raina ka, yau za ka yaga rainin. Wanda ya zauna a ƙasar da ake kiransa Takaruni, wato ɗan Afirka ta Yamma, ko da kakansa a unguwar Jarwal ta Makka aka haife shi, ya san daɗin wannan kalma fiye da na gida. Ranar idi idan dattawanmu suka fito Harami da manyan riguna da zanna bukar a cikin tekun fararen jallabiyoyi, har Larabawa da Turkawa na roƙon a yi hoto da su, ban iya kiran wannan fankama ba. Hadisin da ke cikin Muslim ya raba gardamar: wani ya ce mutum na son rigarsa ta yi kyau, takalminsa ya yi kyau, Annabi (SAW) ya ce Allah mai kyau ne yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Kece rainin da aka yi maka daban, mayar da rainin kan wasu daban, ko da yake tsakaninsu taku ɗaya ne.

Riya ta bambanta da duk waɗannan domin ita ba a gaban mutane ake shari'arta ba. Ibada ce da aka yi don ganin ido. Sai dai a Makkan nan akwai abin da ke hana mutum saurin yanke hukunci, kuma kullum muna ganinsa a ɗawafi. Maza na buɗe kafaɗar dama su yi sassarfa a zagaye uku na farko. Asalinsa a Umarar ramuwa ne, shekara ta 7 bayan hijira, lokacin da Ƙuraishawa suka ce zazzaɓin Madina ya karya Musulmi, sai aka umarce su su nuna ƙarfi. Buhari ya ruwaito Sayyadina Umar yana cewa me ya haɗa mu da sassarfa yanzu, ai mun yi ne don mushirikai su gani, kuma Allah ya halaka su. Sannan ya ce abu ne da Annabi ya yi, ba ma son mu bar shi. Fi'ilin da ya yi amfani da shi tushensu ɗaya da riya. Haka ranar Uhudu da Abu Dujana ya ɗaura jan ƙyalle yana tafiyar taƙama tsakanin rundunoni biyu, aka ce tafiya ce da Allah ke ƙi sai a irin wannan wuri. Ga nuni an yi shi da gangan don a gani, kuma ya zama sunna. Wannan ba lasisi ba ne ga mai ɗaga waya a gaban Ka'aba ya ce abokinsa ya ɗauke shi yana addu'a, ya sauke hannu da zarar an gama ɗauka. Wancan kam ko yaro ya san sunansa.

'Yan ƙasar su ma suna da tasu kalmar ta zamani, hiyaɗ, mai yi kuma muhayiɗi. Ta yi tashe ne lokacin da bidiyoyi suka riƙa yawo a waya: mai gida na zuba wa baƙi man turaren ud mai tsada su wanke hannu, ko a jera tumaki gasassu a kan tudun shinkafa don mutum goma. Malamai da marubutansu sun yi ca a kai. Binciken da hukumar hatsi ta ƙasar ta fitar a 2019 ya nuna kusan kashi 33 cikin ɗari na abinci na salwanta, abin da ya kai riyal biliyan 40 a shekara, kuma akwai ƙungiyoyi irin su Iɗ'am, wadda aka kafa a 2011, da aikinsu shi ne bin wuraren biki suna kwashe abin da ya rage su kai wa mabuƙata. Fashkhara tsohuwar kalmar Hijaz ce mai kusan wannan ma'ana, ta fi kusa da fankama. Hiyaɗ kuwa ba ta da takwara guda a Hausa. Akwai burga a ciki, akwai fariya, akwai wadaƙa da facaka da almubazzaranci, kuma ta fi kama da abin da ake yi a filin liƙi, inda mutum ke watsa kuɗi yana satar kallon wanda ya watsa kafin shi. Abin da ke damuna shi ne yaranmu na nan sun rage kalmominsu zuwa biyu, in abu ya yi musu kashkha, in bai yi ba hiyaɗ. Bambancin da ke tsakanin taƙama da fankama, wato mai abu da marar abu, ya ɓace musu, kuma bambanci ne da ake buƙata ranar da za a ba da 'ya.

Kukan nan ma ba sabo ba ne a wurinmu, kuma hanyar Makka na ciki. Wajen 1807, ana tsakiyar jihadi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga abokan gwagwarmaya sun karkata ga manyan riguna da dawaki da neman muƙami, ransa ya ɓaci ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasar nan. Kano ya tsaya, mutanenta suka riƙe shi ya rubuta musu littafi a kan yadda ake mulki, daga baya ya koma. Waɗanda ya gani ɗin, na tabbata, da an tambaye su cewa za su yi ƙasaitar Musulunci suke nunawa.

Kafin in tashi, jikan ya ga an kayar da baffansa, sai ya nemi ramuwa. Hajiya na dariya, haƙoranta biyu na zinariya suka bayyana. Haƙorin Makka dai an san amfaninsa: alhaji ko hajiya su sa kafin su koma gida, don ko ba a faɗa ba murmushi ya faɗa.

"To Hajiya, ke da kike zaune a Makka shekara saba'in, kowa a layin nan ya yi hajji, wa kike nuna wa haƙorin Makka? Wannan ba hiyaɗ ba ne?"

"Mene ne kuma hiyaɗ?"

"Fankama."

Ta rufe baki da gefen mayafi, ta harare shi. "Ja'iri. Da kuɗin tallar gyaɗata na sa, ubanka ma ba a haife shi ba. Wannan ado ne. Tashi ka kawo wa baƙi shayi."